Wasa goma sha biyu sun isa a yanke wa ƙungiyar NBA hukunci?

"Assalamu alaikum Koci. Ni sabon shiga ne a kallon ƙwallon kwando ta Amurka, bara na fara bin NBA. Bana ƙungiyar da nake goyon baya, wadda babu wanda ya sa ta a lissafi, ta ci wasa tara cikin goma sha biyu na farko. Ta abokina kuwa, mai manyan taurari, ta ci biyar an doke ta bakwai. Kullum sai mun yi musu a majalisa. Ni ina cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, shi kuma yana cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Don Allah wa ya fi gaskiya? Kuma wasa nawa ya kamata a buga kafin mutum ya yarda da abin da teburi ke nunawa?"

Wani mai karatu daga Funtuwa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sannu da ƙoƙari, kuma sannu da rashin barci, don duk mai bin NBA daga nan ƙasar barcinsa ba ya cika. Idan na fahimce ka daidai, tambayoyi biyu ka ƙulle a ɗauri ɗaya. Ta farko: nasara tara cikin wasa goma sha biyu tana nufin ƙungiyarka ta yi ƙarfi da gaske, ko kuwa sa'a ce ta ɗan leƙo ta? Ta biyu: ko da ta tabbata ƙarfin na gaske ne, zai kai ta ga kofi? Ta farkon ana iya kusantar amsarta da lissafi da kuma ido. Ta biyun wata magana ce daban, kuma a can ne abokinka ya fi ka wurin tsayawa.

Bari mu fara da tsawon tafiyar. Ƙungiyoyi 30 ne a NBA, 15 a shiyyar gabas, 15 a shiyyar yamma. Kowacce tana buga wasa 82 daga wajen ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Afrilu, sannan a shiga wasannin fidda gwani har zuwa Yuni. Wasa 12 cikin 82 bai kai kashi 15 cikin ɗari ba. Idan ka auna da Firimiyar Ingila mai wasa 38, kamar an buga mako biyar ko shida ke nan. Ka san irin dariyar da ake yi wa wanda ya fara rabon kofin Firimiya a watan Satumba.

Sai dai kada abokinka ya yi saurin murna da wannan. Ƙwallon kwando ba ta kai ƙwallon ƙafa rikici ba. A ƙwallon ƙafa ƙaramar ƙungiya na iya zura ƙwallo ɗaya ta koma baya ta toshe gida har a tashi. A NBA babu wannan hanyar, domin kowace ƙungiya tana kai hari kusan sau ɗari a wasa guda, kuma daƙiƙa 24 kacal ake ba ta ta yi jifa ko ta rasa ƙwallon. Wanda ya fi ka, idan aka ba ku dama ɗari-ɗari, yawanci sai ya nuna ya fi ka. Ga shi kuma mutum biyar ne kawai a fili, don haka gwani ɗaya yana ɗaukar kaso mai yawa na nauyin ƙungiya. Wannan ya sa teburin NBA ke fara faɗin gaskiya da wuri. A abin da na daɗe ina gani, idan aka kai wasa 20 zuwa 25, wato wajen farkon Disamba zuwa tsakiyarsa, mafi yawan ƙungiyoyin da ke sama za su ƙare a sama, na ƙasa kuma a ƙasa. Labaran waɗanda suka juya kakarsu sun shahara ne saboda ba su da yawa.

To wasa 12 fa? Yana tsakani: ya wuce a ce ba komai ba ne, bai kai a rantse da shi ba. Abin da zai raba gardamar shi ne yadda aka samu nasarorin tara ɗin.

Tazarar maki

Abu na farko da nake dubawa, kafin ma in kalli yawan nasara, shi ne tazarar maki: makin da ƙungiya ta ci duka, a cire wanda aka ci ta, a raba da yawan wasanni. Ɗauki ƙungiyoyi biyu da kowacce ke da nasara tara da rashin nasara uku. Ta farko tana cin wasanninta da tazarar maki 15, 18, 20, idan aka doke ta kuma da maki biyu ko uku ne. Ta biyu ta ci shida daga cikin taran da maki ɗaya zuwa huɗu, biyu ma sai da aka je ƙarin lokaci, amma ranar da aka kama ta sai a lallasa ta da maki 25. A teburi kansu ɗaya. A fili kuwa ta farko ta yi wa ta biyu nisa sosai.

Dalili shi ne wasan da aka tafi kankankan har minti na ƙarshe yana hannun ƙananan abubuwa: ƙwallo ta zagaya bakin kwando ta faɗa ciki ko ta fito, alƙalin wasa ya hura usur ko ya haɗiye shi. Magoya baya suna son su ce ƙungiyarsu "ta iya ƙarshen wasa", kuma akwai ɗan gaskiya a ciki idan kana da gwanin da ke iya samar wa kansa jifa a kowane hali. Amma ƙungiyar da ta ci kusan duk wasanninta na kankankan a Nuwamba ba kasafai take ci gaba da haka har Afrilu ba. Masu lissafin wasan sun daɗe da gano cewa tazarar maki ta fi yawan nasara iya hasashen abin da ke tafe, kuma a ƙiyasinsu kowane maki ɗaya na tazara a kowane wasa yana daidai da nasara biyu da rabi zuwa uku a kaka. Oklahoma City Thunder ta kakar 2024-25 ta ƙare da tazarar maki 12.9 a kowane wasa, mafi girma a tarihin gasar, ta ci wasa 68, kuma ta ɗauki kofin. Duk wanda ya duba tazararta tun a Nuwamba bai sha mamaki a Yuni ba.

Idan ka shiga shafin NBA za ka ga wani ma'aunin da ya fi wannan daidaito, wanda ke lissafa tazarar a kan kowane hari ɗari, domin wasu ƙungiyoyin da gudu suke wasa, wasu kuma a hankali. Amma ko tazarar da za ka lissafa da biro da takarda ta ishe ka musun majalisa.

Jifan maki uku, babban mayaudari

A nan zan ɗan daɗe, domin shi ne abin da ya fi ruɗar mutane a farkon kaka, ni ma ya taɓa ruɗa ni.

A NBA ta yanzu ƙungiya tana jifan maki uku sau talatin da wani abu a wasa, wasu har fiye da arba'in. Boston Celtics ta kakar 2024-25 ta haura 48 a kowane wasa. Matsakaicin abin da ke shiga a gasar yana wajen kashi 36 cikin ɗari. To yi wannan lissafin da ni. Ƙungiya tana jifa 40 a wasa. Idan kashi 36 ya shiga, wajen 14 ke nan. Idan hannunta ya yi zafi na makonni uku kashi 41 ya riƙa shiga, wajen 16 ke nan. Ƙwallo biyu kacal suka ƙaru, ido ma ba zai lura ba, amma maki shida ne a kowane wasa. Maki shida kuwa shi ne bambancin ƙungiyar tsakiyar teburi da wadda ake lissafawa cikin masu neman kofi. Ka ga ke nan zafin hannu na mako uku ya isa ya sa wa ƙungiya rigar da ba tata ba.

Haka abin yake ta ɗaya ɓangaren, kuma wannan ya fi ɓoyuwa. Duba kason jifan maki uku da abokan hamayya ke ci a kan ƙungiyarka. Idan ka ga ya yi ƙasa sosai, kamar kashi 30 ko 31, kada ka yi saurin yabon tsaronku. Mai tsaro yana da iko a kan yawan jifan da zai bari a yi da kuma wurin da za a yi shi, amma da zarar ƙwallo ta bar hannun mai jifan da ba kowa a gabansa, shiga ko rashin shigarta ba ya hannun kowa. Ƙungiyoyi da yawa sun yi suna da "tsaro mai ƙarfi" a Nuwamba alhali abokan karawarsu ne kawai ke ɓarar da jifan da suka saba ci.

Na ce ya taɓa ruɗa ni. Shekarun baya ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 18 a wani filin siminti a Zariya, aka kawo min wani yaro siriri, ba ya magana sosai. A wasanmu na farko na wata gasar hutu ya jefa maki uku sau tara, shida suka shiga. Na koma gida ina jin na tsinci dami a kala. Na sauya tsarin wasanmu gaba ɗaya domin a riƙa nemo shi a kusurwa. Wasa huɗu da suka biyo baya ya jefa ashirin da wani abu, uku ko huɗu suka shiga, muka fita daga gasar. Haushi ya sa na ajiye shi a benci, wanda shi ne kuskurena na biyu. Daga baya na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in na ba wani ƙaramin yaro, aikinsa kawai ya zauna a gefen fili yana yin tsaye-tsaye da biro: wannan ta shiga, wannan ba ta shiga ba, a atisaye da wasa duka. Bayan wata uku, da aka tara jifa ɗaruruwa, sai ga shi yaron nan yana cin kusan ɗaya cikin uku. Mai jifa ne madaidaici. Bai kai yadda na ɗauke shi ranar farko ba, bai kuma lalace yadda na zata a mako na biyu ba. Tun daga nan ba na yarda da kason jifan kowa, ɗan makaranta ne ko ɗan NBA, sai an tara ɗaruruwa.

Akwai abubuwan da ke zaunawa da wuri, su ne nake ba muhimmanci a wasa goma na farko: yawan ƙwallon da ƙungiya ke zubarwa a hannun abokan hamayya, yadda take cafke ƙwallon da ta daki kwando ta dawo, yawan kutsawarta ƙarƙashin kwando, da yawan jifan kyauta da take samu. Waɗannan ɗabi'u ne da tsarin koci da jikin 'yan wasa ke haifarwa, ba sa sauyawa daga dare zuwa dare. Ƙungiyar da ke cin wasa ta waɗannan hanyoyi alhali jifanta na nesa bai ma fara shiga ba, ita ce abar tsoro.

Sai jadawali, wanda ba sai na ja shi da tsawo ba. Ka duba su wa kuka doka, kuma a ina. Wata ƙungiyar takan buga takwas daga wasanninta goma sha biyu na farko a gida da ƙananan ƙungiyoyi, wata kuma tana yawo daga wannan gaɓar Amurka zuwa waccan, tana wasa yau ta kwana a jirgi ta sake wasa gobe. Wanda ya buga jiya ya sauka Denver, garin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, ƙafafunsa ba nasa ba ne a zango na huɗu. Ka kuma duba ko manyan 'yan wasan abokan karawar sun buga. Doke babbar ƙungiya ranar da gwaninta ke zaune da kayan gida a benci nasara ce a teburi, amma ba ta gaya maka komai ba.

Utah da Lakers, kaka ɗaya

Tambayarka ta tuna min da kakar 2022-23, domin kai da abokinka kamar an ɗauko ku ne daga cikinta. Utah Jazz ta sayar da manyan 'yan wasanta biyu kafin kakar, Rudy Gobert zuwa Minnesota, Donovan Mitchell zuwa Cleveland, kowa ya ɗauka ƙasan teburi za ta kwana. Sai ga ta ta ci 10 cikin 13 na farko, tana saman shiyyar yamma, Lauri Markkanen yana wasan da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. A daidai lokacin Los Angeles Lakers mai LeBron James da Anthony Davis ta ci biyu, an doke ta goma. Ni kaina na faɗa wa mutane a lokacin cewa Lakers ta gama yawo, kuma Utah za ta shiga fidda gwani. Duka biyun ban faɗa daidai ba.

Utah ta ƙare da nasara 37 da rashin nasara 45, ko wasan cike gurbi, na neman shiga fidda gwani, ba ta samu ba. Lakers ta ƙare da 43 da 39, ta bi ta wasan cike gurbi, ta kai har wasan ƙarshe na shiyyar yamma kafin Denver ta share ta da ci huɗu babu ko ɗaya. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ciniki ɗaya ne ya taɓa su duka biyun. A Fabrairun 2023 aka yi musayar 'yan wasa tsakanin ƙungiyoyi uku: Utah ta saki Mike Conley zuwa Minnesota, ta ba Lakers Jarred Vanderbilt da Malik Beasley, Lakers ta samu D'Angelo Russell daga Minnesota ta kuma rabu da Russell Westbrook. Shugabannin Utah, ƙarƙashin Danny Ainge, ba su ruɗu da Nuwambarsu ba. Sun san gini suke yi na shekaru masu zuwa, don haka suka sayar da tsofaffin hannu suka karɓi damar zaɓen sababbin 'yan wasa. Lakers kuma ta san shekarun LeBron ba za su jira ta ba, ta sayo abin da ta rasa.

Wannan ne ɓangaren da sabon mai kallo ya fi mantawa da shi. Ƙungiyar da kake gani a Nuwamba ba lallai ita ce za ka gani a Maris ba. Daga 15 ga Disamba ake samun damar musayar yawancin 'yan wasan da suka sa hannu a sabuwar kwantiragi lokacin hutu, kasuwar kuma tana rufewa a Fabrairu. A wannan tsakanin komai na iya faruwa. A farkon Fabrairun 2025 Dallas ta miƙa Luka Doncic ga Lakers ta karɓi Anthony Davis, watanni takwas kacal bayan Luka ya kai ta wasan ƙarshe. Don haka ka tambayi kanka: masu ƙungiyarka bana suke nema, ko baɗi da baɗin baɗaɗa? Idan na biyun ne, nasara tara ɗin nan ba za ta hana su sayar da wanda ya kawo ta ba. Washington Wizards ma ta fara kakar 2021-22 da 10 da 3, ta ƙare da 35 da 47.

Ƙungiyar abokinka

Biyar da bakwai ga ƙungiya mai taurari ba abin tashin hankali ba ne idan dalilin sabunta ne. Miami Heat ta 2010, shekarar da LeBron James da Chris Bosh suka je suka haɗu da Dwyane Wade, ta ci tara an doke ta takwas a wasa 17 na farko, jaridun Amurka suna ta kiran a kori koci Erik Spoelstra. Ta ƙare da nasara 58, ta kai wasan ƙarshe, ta kuma ɗauki kofi a 2012 da 2013. Mutum biyu da kowannensu ya saba ƙwallo na hannunsa suna buƙatar lokaci kafin su san wa zai riƙe, wa zai yi gudu ba ƙwallo.

Misalin da na fi so shi ne Boston ta 2021-22, ƙarƙashin Ime Udoka, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne kuma shi kansa ya buga wa D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Najeriya. Shekararsa ta farko ke nan a matsayin babban koci. Ranar 6 ga Janairun 2022 New York Knicks ta doke su da jifan ƙarshe bayan sun ba ta tazarar maki 25, suka koma 18 da 21, suna na goma sha ɗaya a gabas. Ana ta cewa Jayson Tatum da Jaylen Brown ba za su iya wasa tare ba, a raba su. Daga wannan dare suka ci 33 cikin 43 da suka rage, suka zama ƙungiyar da ta fi kowa tsaro, suka kai wasan ƙarshe inda Golden State ta doke su. Wanda ya kalle su da kyau a Disamba ya ga cewa wasannin kankankan suke yawan zubarwa, kuma tsaron da Udoka ke koya musu, na musayar mutum da mutum ba tare da an bar rami ba, ya fara kama jikinsu. Indiana Pacers ma ta fara kakar 2024-25 da 10 da 15, ta ƙare da nasara 50, ta kai wasa na bakwai na ƙarshe.

Amma kada abokinka ya jingina da waɗannan kawai. Lakers ta 2012 ta tara Kobe Bryant, Pau Gasol, Steve Nash da Dwight Howard. Ta ci ɗaya cikin biyar na farko, aka kori koci Mike Brown, aka ce ai lokaci kawai suke buƙata. Lokacin bai zo ba. Shekaru da rauni sun cinye su, da ƙyar suka shiga fidda gwani, San Antonio ta fitar da su huɗu da babu. Bambancin da nake nema shi ne wannan: idan taurarin suna cikin ƙarfinsu kuma matsalar ita ce ba su san juna ba, yawanci tana gyaruwa. Idan kuwa ƙafafu ne suka tsufa, ana wuce su kamar an wuce turke, ba sa iya komawa baya da gudu idan an ƙwace ƙwallo, to wannan Janairu ba ya warkar da shi.

Maganar kofi

A nan ne hangen Dala ba shiga birni ba. Golden State Warriors ta 2015-16 ta ci wasa 24 na farko a jere, alhali kocinta Steve Kerr yana jinyar baya, mataimakinsa Luke Walton ne ke riƙe da ƙungiyar. Ta ƙare da 73 da 9, abin da babu wanda ya taɓa yi. Ta kai wasan ƙarshe tana gaba da ci uku da ɗaya, aka dakatar da ɗan wasanta Draymond Green a wasa na biyar, Andrew Bogut nata ya ji rauni, Cleveland ta ci uku a jere ta ɗauke kofin. Ita kuma Cleveland ɗin ta kori kocinta David Blatt a Janairun wannan kakar tana da 30 da 11, tana saman gabas. Cleveland ta 2024-25 ta ci 15 na farko a jere, ta ƙare da nasara 64, Indiana ta fitar da ita a zagaye na biyu da ci huɗu da ɗaya, wasu manyan 'yan wasanta suna fama da rauni.

Ka lura, a duk waɗannan farkon kakar bai yi ƙarya ba. Ƙungiyoyin suna da ƙarfi da gaske, kuma sun tabbatar da shi wata shida. Fidda gwani ne wasa na daban. Za ka kara da ƙungiya ɗaya har sau bakwai, wanda ya fara cin huɗu ya wuce. Kocin can yana da kwanaki yana nazarin bidiyonka, zai gano ɗan wasanka mafi rauni a tsaro ya riƙa jawo shi cikin kowane hari har sai ka cire shi. Benci mai zurfi, wanda ke tara nasara a Nuwamba, yana rage amfani domin taurari suna buga minti 40 ko fiye. Sannan lafiya: wanda ke tsaye da ƙafafunsa a Mayu shi ke magana.

Mu da muka fara kallo a zamanin kaset ɗin bidiyo muna da misali a Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. Houston Rockets ta ci wasa 15 na farko a kakar 1993-94, ta ɗauki kofi. A kakar da ta biyo ta yi ta tangal-tangal, ta sayo Clyde Drexler a Fabrairu, ta ƙare ta shida a yamma da nasara 47, ta sake ɗaukar kofin. Mutum ɗaya, ƙungiya ɗaya, shekara biyu a jere, karin maganarka ya yi aiki a ta farko, na abokinka a ta biyu. Toronto Raptors ta 2019, wadda Masai Ujiri da ya tashi a Zariya ya haɗa, ta fara kakar da ƙarfi, amma da gangan ta riƙa hutar da Kawhi Leonard, wasa 60 kawai ya buga cikin 82, sannan ta ƙaro Marc Gasol a Fabrairu. Tun Oktoba Yuni suke kallo.

Akwai wata ƙa'ida da ake jingina wa Phil Jackson, kocin da ya ɗauki kofi 11: mai neman kofi da gaske yakan ci wasa 40 kafin a doke shi sau 20. Daga 1980 zuwa 2025 zakarun da suka saɓa mata ba su da yawa: Houston ta 1995, Detroit ta 2004, Miami ta 2006 da Milwaukee ta 2021. Amfanin wannan ƙa'ida gare ka shi ne ba a iya duba ta sai wajen Fabrairu ko Maris.

Abin da lissafi ba ya gani

Duk abin da na zayyana yana da iyaka, kuma gara in faɗa maka. Alƙaluma ba sa shiga ɗakin sauya kaya. Milwaukee ta kori Adrian Griffin a Janairun 2024 tana da 30 da 13, abin da ke nuna na ciki suna ganin abin da teburi bai nuna ba. Ba wanda zai iya hasashen agarar da za ta tsinke, kamar yadda ta Tyrese Haliburton na Indiana ta tsinke a zangon farko na wasa na bakwai na ƙarshe a 2025. Kuma ƙungiyar matasa takan yi tsalle na gaske wanda tarihin bara ba zai nuna ba: Detroit ta ci wasa 14 kacal a 2023-24, har da rashin nasara 28 a jere, a kaka ta gaba ta ci 44. Idan ƙungiyarka irin wannan ce, wanda ya ce maka "ai bara ma ba su iya ba" bai kawo hujja ba.

Shi ya sa nake haɗawa da ido. Nakan zaɓi wasa ɗaya a mako in kalle shi daga farko har ƙarshe, ba guntayen bidiyon da ake yaɗawa da safe ba, don waɗannan ƙwallayen da suka shiga kawai suke nunawa. Wasannin gabar yamma sukan fara wajen ƙarfe huɗu na dare agogonmu, ina zaune a tabarma da waya a jingine da filas ɗin shayi, na rage murya don kada in tashi yara, sau da yawa ana kiran assalatu ana hutun rabin lokaci. A irin wannan kallon nakan ɗauke idona daga ƙwallo na minti biyar, in kalli masu tsaro biyun da ke can nesa da ita. Suna nuna wa juna da hannu? Idan aka wuce ɗaya, na kusa yana rufe masa, na bayansa kuma yana rufe wa wanda ya rufe? Idan jifansu bai shiga ba, mutum nawa ke juyawa da gudu, mutum nawa ke tsayawa yi wa alƙali ƙorafi? Sai kuma mintunan da gwanin ƙungiyar ke hutawa a farkon zango na biyu: tazarar tana tsayawa ko tana narkewa? Ƙungiyar da ke yin waɗannan daidai a wasa na goma, da wuya ta manta su a wasa na sittin.

Ba ka faɗa min sunan ƙungiyar taka ba, don haka ga aikin da zan ba ka kafin zaman majalisa na gaba. Lissafa tazarar makinku a wasa goma sha biyun. Idan ta kai bakwai ko fiye, kuma kason jifanku na maki uku bai wuce na bara da nisa ba, kuma aƙalla biyar daga wasannin a waje aka buga su, to ka ɗaga murya, kana da ƙungiya. Idan tazarar biyu ce ko uku, jifan nesa kuma yana shiga fiye da kashi 40, ka ji daɗin abinka amma kada ka yi alkawarin sayen shayin majalisa a kan za ku ƙare cikin huɗun farko. Ka yi wa ta abokinka irin wannan lissafin, ka ƙara da duba wasa nawa taurarinsa suka buga tare. Idan an wuce wasannin ranar Kirsimeti, lokacin kowa ya buga wajen 30, ka sake rubuto min da sunayen ƙungiyoyin biyu da waɗannan alƙaluma, mu duba tare.